GUDANAR MAKAMASHI A TSARIN MUHALLI: MISALI DAGA DAUSAYIN HAƊEJIYA DA NGURU

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fadama da kaka zai iya shaidar wani abu da sabo ya sa ba a cika tambayar dalilinsa ba. Ciyawa ta rufe ko'ina har iyakar ganin ido. Fari suna tashi dubu-dubu duk inda mutum ya jefa ƙafa. Kwaɗi da ƙadangaru suna nan, amma ba su kai ko kusa da yawan fari ba. Can sama kuwa, shaho ɗaya ne ko biyu ke shawagi. To, me ya hana shaho yawa kamar fara, alhali kuwa ya fi ta ƙarfi, ya fi ta tsawon rai, kuma da wuya a sami mai farautarsa? Amsar wannan tambaya tana cikin yadda makamashi ke shiga muhalli daga rana, da yadda yake tafiya daga bakin wannan halitta zuwa bakin waccan.

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayanin wasu tubalan ilimin dangantakar halittu da muhallinsu, sa'an nan a nuna cewa makamashi hanya ɗaya tak yake bi, ba ya komowa, kuma raguwa yake yi a kowane mataki. Daga wannan ne za a fahimci dalilin da ya sa kowane wuri yake da iyakar abin da zai iya ciyarwa. Domin kada bayanin ya tsaya a kan takarda kawai, za a riƙa kawo misalai daga dausayin Haɗejiya da Nguru, inda manomi da masunci da makiyayi duk suke ci daga tukunya ɗaya.

2.0 Ma'anar Wasu Muhimman Kalmomi

2.1 Ikoloji

Wani Bajamushe masanin halittu, Ernst Haeckel, shi ne ya ƙirƙiro wannan kalma a shekarar 1866 daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya mai nufin gida, ɗaya kuma mai nufin nazari. Ke nan asalin ma'anarta ita ce nazarin gida. Gidan da ake nufi a nan ya haɗa da duk abin da ke kewaye da mai rai, watau ƙasa da ruwa da iska da zafi da sanyi, da kuma sauran masu rai waɗanda yake ci, ko suke cin sa, ko suke gasar abinci da shi. A wannan maƙala za a ɗauki ikoloji da ma'anar ilimin dangantakar halittu da junansu da kuma muhallinsu.

2.2 Tsarin Muhalli

Masana sukan fara nazari daga halitta guda, misali karfasa ɗaya. Daga nan sai gungu, watau duk karfasar da ke cikin tafki ɗaya. Idan aka haɗa gungun karfasa da na tarwaɗa da na kwaɗi da na bado da sauran masu rai na wannan tafki, an sami al'ummar halittu. Idan kuma aka ɗora marasa rai a kan wannan al'umma, watau ruwan tafkin da lakarsa da hasken da ke sauka a kansa, to an sami tsarin muhalli. Arthur Tansley, wani masanin tsirrai ɗan Ingila, shi ne ya shigar da wannan tunani cikin rubuce-rubucen masana a 1935, inda ya nuna cewa ba zai yiwu a fahimci masu rai ba idan aka raba su da marasa rai da suke zaune a cikinsu. Tsarin muhalli ba shi da ƙayyadadden girma. Kududdufi tsari ne, gindin tsamiya tsari ne, haka ma Tafkin Chadi baki ɗayansa.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a bambanta su a nan, watau mazauni da gurbi. Mazauni shi ne wurin da halitta take zaune. Gurbi kuwa shi ne aikinta da hanyar cin abincinta a wannan wuri. Zalɓe da balbela suna iya tarayya a mazauni ɗaya, amma zalɓe a cikin ruwa yake tsayawa yana jiran kifi, ita kuwa balbela shanu take bi tana kama ƙwarin da suka tayar. Bambancin gurbi shi ya sa suke zaune tare ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

2.3 Makamashi

A asali, makamashi shi ne abin da ake hura wuta da shi, kamar ice da kara da gawayi da busasshen kashin shanu. Kafofin watsa labarai sun faɗaɗa kalmar ta haɗa da man fetur da lantarki da gas. A nan za a ƙara faɗaɗa ta, ta ɗauki ma'anar ikon yin aiki, ko a wace siga yake: haske, ko zafi, ko motsi, ko abin da ke ajiye cikin abinci. An guji kalmar "ƙarfi" saboda tana da wata ma'ana dabam a ilimin kimiyya, watau turi ko ja, an kuma guji "kuzari" saboda ta fi dacewa da yanayin jikin mutum ko dabba. Kalmar makamashi tana da wata fa'ida, domin abin da jiki yake yi wa abinci daidai yake da abin da murhu yake yi wa ice, sai dai shi jiki a hankali yake ƙonawa, ba harshen wuta. Ma'aunin da za a yi amfani da shi shi ne kilokalori, watau adadin zafin da zai ɗaga ɗumin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas.

3.0 Dausayin Haɗejiya da Nguru

Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Shi kuwa Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos ya taso. Da waɗannan koguna biyu suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi a jihohin Jigawa da Yobe, sai suka rarrabu zuwa ƙoramu da tafkuna da fadamu masu yawa, kafin ragowar ruwansu ya haɗu a wajajen Gashuwa ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Damina a wannan yanki gajera ce, ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, saboda haka ambaliyar da ke zuwa wajen watannin Agusta da Satumba ita ce ran wurin. Da ita ake noman shinkafa, idan ta janye a shuka wake da sauran amfani a danshin da ta bari, a cikinta kifi yake hayayyafa, kuma ciyawar da ta tsirar ita ce makiyaya suke dogara da ita da rani. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar ta 1971, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi.

4.0 Matakan Ci

4.1 Masu Haɗa Abinci

Mataki na farko shi ne na tsirrai, domin su ne suke haɗa abincinsu da kansu. A cikin ganye akwai wani sinadari mai suna kulorofil, wanda shi ne yake sa ganye ya zama kore. Da shi ne tsiro yake kama hasken rana, ya haɗa ruwan da saiwa ta jawo da iskar kabon da ganye ya shaƙa, ya samar da sukari, ya saki iskar oksijin. Wannan aiki shi ake kira fotosintesis. A dausayi, masu wannan aiki sun haɗa da shinkafa da burgu da roba da bado da kainuwa da gansakuka, da itatuwa irin su giyayya da bagaruwa da goruba, da kuma wasu ƙananan tsirrai masu yawo a ruwa waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma.

Abin lura shi ne, ɗan kaɗan ne daga hasken da ke sauka tsirrai suke iya kamawa, galibi wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a wuri mai albarka. Daga abin da suka kama ɗin ma, kusan rabi sukan ƙone shi wajen gudanar da rayuwarsu. Ragowar da ta zama ganye da kara da saiwa da ƙwaya ita ce kaɗai jarin da duk sauran halittu za su raba.

4.2 Maciya

Duk halittar da ba ta iya haɗa abinci da kanta, dole ta ci wata. Mataki na biyu shi ne na maciya tsirrai, kamar fara da jan baki da dodon koɗi da talibamban da karfasa da saniya. Mataki na uku shi ne na maciya nama waɗanda suke cin na biyu, kamar kwaɗo da mazari da balbela. Mataki na huɗu, wani lokaci har na biyar, shi ne na manyan maciya nama irin su tsage da zalɓe da guza da shaho. Gaba da gabanta ke nan. Wasu halittu ba su tsaya a mataki ɗaya ba. Tarwaɗa takan ci tsiro, ta ci ƙwaro, ta ci ƙaramin kifi. Haka ma ɗan Adam: idan ya ci tuwon shinkafa yana mataki na biyu, idan ya sha nono ko ya ci naman saniya yana na uku, idan kuwa ya ci tsage ya hau na huɗu.

4.3 Masu Ruɓarwa

Ba duk ganye ne ake ci yana ɗanye ba, kuma ba duk dabba ce take ƙarewa a bakin wata ba. Matattun ganyaye da mushe da kashi suna da nasu maciyan. Ungulu takan fara da mushe, buzuzu ya mirgina kashi, gara ta ci busasshen ice da kara, tana ta ci ruɓaɓɓen ganye a cikin ƙasa. Daga ƙarshe fumfuna da bakteriya su ne suke kammala aikin, su warware gawar zuwa sinadaran da aka gina ta da su. A mafi yawan tsare-tsaren muhalli na kan tudu, makamashin da ke bi ta wannan hanya ta ruɓa ya fi wanda ke bi ta bakin maciya ɗanyen tsiro yawa nesa ba kusa ba, ko da yake ido bai cika kai wa gare shi ba.

4.4 Sarƙa da Raga

Idan aka jera wanda ya ci wani, shi ma wani ya ci shi, an sami sarƙar abinci. Ga misalai biyu daga dausayi:

(a) burgu → fara → kwaɗo → maciji → shaho
(b) gansakuka → karfasa → tsage → mutum

Charles Elton, wani masani ɗan Ingila, ya yi bayanin irin waɗannan sarƙoƙi a littafinsa na 1927 a kan rayuwar dabbobi, ya kuma lura cewa ba su cika wuce gaɓa huɗu ko biyar ba, kuma yawan halittu raguwa yake yi yayin da ake hawa sama. Amma a zahiri sarƙoƙin a harɗe suke da juna, domin fara ba kwaɗo kaɗai ke cin ta ba, balbela na ci, ƙadangare na ci, mutum ma na soya ta. Saboda haka ya fi dacewa a kira hoton baki ɗaya ragar abinci. Ragar nan takan miƙa har wajen iyakar dausayin. Tsuntsaye 'yan ci-rani da ke ƙetaro Sahara daga Turai sukan yi watannin hunturu a nan, kuma kafin su juya wasu ƙanana daga cikinsu sukan kusan ninka nauyinsu da kitse. Da makamashin da suka tara a Sahel suke tsallake hamada.

5.0 Yadda Makamashi Ke Gudana

5.1 Dokoki Biyu

Dokoki biyu na kimiyyar zafi su ne suke mulkin wannan al'amari. Ta farko ta ce ba a ƙirƙirar makamashi kuma ba a hallaka shi, sai dai ya sauya siga. Hasken rana ya zama sukari a ganye, sukari ya zama tsalle a ƙafar fara. Ta biyu ta ce duk lokacin da makamashi ya sauya siga, wani ɓangare nasa yakan koma zafi ya watse, kuma zafin da ya watse ba ya taruwa da kansa ya sake yin aiki. Tsiro ba ya iya haɗa abinci da ɗumin jikin saniya, haske yake bukata. Wannan shi ya sa aka ce hanya ɗaya makamashi yake bi: ya shigo a matsayin haske, ya fita a matsayin zafi zuwa sararin samaniya. Da rana za ta daina fitowa, da tsarin ya tsaya da zarar ajiyar da ke ƙasa ta ƙare. Togaciyar da aka sani ita ce ta wasu halittu da aka gano a 1977 a ƙarƙashin teku kusa da tsibiran Galapagos, inda bakteriya suke haɗa abinci daga sinadaran da ke fitowa daga maɓuɓɓugan ruwan zafi, ba da haske ba.

5.2 Ƙa'idar Ushiri

Wanda ya fara auna wannan raguwa mataki-mataki shi ne Raymond Lindeman, wani matashin masani Ba'amurke da ya yi shekaru yana nazarin wani ɗan tafki mai suna Cedar Bog a jihar Minisota. Da farko an ƙi buga maƙalarsa bisa hujjar cewa hasashe ya yi mata yawa, sai da malaminsa G. Evelyn Hutchinson ya sa baki. Ta fito a 1942, watanni kaɗan bayan rasuwarsa yana ɗan shekara 26. Daga aikinsa da na waɗanda suka biyo bayansa ne aka fitar da abin da za mu kira ƙa'idar ushiri, watau cewa wajen kashi ɗaya cikin goma ne kawai na makamashin wani mataki yake zama jiki a matakin da ke samansa. Ya kamata a fahimta cewa ushirin nan matsakaicin lissafi ne kawai. A wasu wurare abin yakan sauka zuwa kashi 5 cikin 100, a wasu kuma ya haura zuwa kashi 20.

Domin sauƙin fahimta, a ƙaddara makamashin da ke cikin burgun wata fadama daidai yake da mudu 10,000 na gero. Bisa ƙa'idar ushiri, mudu 1,000 ne zai zama jikin fari, mudu 100 jikin kwaɗi, mudu 10 jikin macizai, sa'an nan mudu ɗaya tak ya isa ga shaho. Ga amsar tambayar da aka buɗe maƙala da ita. Ba rashin ƙarfi ne ya hana shaho yawa ba, abin da ya iso matakinsa ne ba zai ciyar da da yawa ba. Wannan kuma shi ne dalilin gajartar sarƙoƙin da Elton ya lura da ita, domin bayan gaɓa ta biyar babu sauran abin da zai riƙe wani maci.

5.3 Alƙaluman Silver Springs

Misalin da ya fi shahara na ainihin awo shi ne wanda Howard T. Odum ya buga a 1957 a kan wata ƙorama mai suna Silver Springs a jihar Fulorida ta Amurka. Ga abin da ya samu, da kilokalori a kowane murabba'in mita a shekara:

Hasken rana da ya sauka: 1,700,000
Abin da tsirrai suka kama: 20,810
Maciya tsirrai: 3,368
Maciya nama na farko: 383
Manyan maciya nama: 21

Idan aka yi lissafi za a ga cewa tsirrai sun kama kashi 1.2 cikin 100 na hasken. Daga tsirrai zuwa maciyansu an sami wajen kashi 16, daga nan zuwa mataki na uku wajen kashi 11, sa'an nan zuwa na huɗu bai kai kashi 6 ba. Idan aka zana waɗannan alƙaluma bisa juna, siffar dalar gyaɗa suke bayarwa, faffaɗan gindi da tsinin kai. Shi ya sa ake kiran hoton dalar makamashi. Dalar adadin halittu tana iya kifewa, domin itacen gawo ɗaya yana iya ɗaukar dubban ƙwari, amma dalar makamashi ba ta taɓa kifewa.

5.4 Ina Sauran Kashi Tara Suke Tafiya?

Ta ƙofa uku suke zurarewa. Ta farko, ba duk abin da ke akwai ake ci ba. Saiwa da kara da ƙashi da gashi galibi masu ruɓarwa suke bar wa. Ta biyu, ba duk abin da aka ci yake narkewa ba. Maciya tsirrai sukan amfana da kashi 20 zuwa 50 cikin 100 ne kawai na abin da suka haɗiya saboda taurin zaren ciyawa, shi ya sa busasshen kashin shanu yake kama wuta, akwai sauran makamashi a cikinsa. Maciya nama kuwa sukan narkar da wajen kashi 80. Ta uku, wadda ta fi girma, ita ce hidimar rayuwa kanta: numfashi da bugun zuciya da tafiya da gudu da neman abinci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, domin sai shaho ya ƙone makamashi wajen shawagi kafin ya sami abin da zai kama.

A wannan ƙofa ta uku halittu sun bambanta ƙwarai. Tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa suna riƙe ɗumin jikinsu daidai dare da rana, saboda haka kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ne kawai na abin da suka narkar yake zama tsoka ko 'ya'ya. Kifaye da ƙwari ba su da wannan ɗawainiya, shi ya sa rabonsu ya fi haka yawa. Gaiwa ta kai matuƙa wajen tsimi. Idan tafki ya ƙafe takan shige cikin laka ta lulluɓe kanta da majina, ta rage numfashi, ta yi watanni tana rayuwa da abin da ke jikinta har ruwa ya dawo. Ba banza ba ake cewa gaiwa jikinta take ci.

6.0 Makamashi na Wucewa, Sinadari na Kewayawa

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar cewa tun da mushe yana ruɓewa ya zama taki, to makamashi ma kewayawa yake yi. Murhu ya isa ya warware wannan ruɗani. Idan ice ya ƙone, toka takan saura, a kai ta gona, sinadaran da ke cikinta su shiga sabon tsiro. Iskar kabon da ta tashi ita ma wani ganye zai shaƙe ta. Amma zafin wutar ya tafi ke nan, babu mai tattaro shi ya mayar cikin ice. Haka abin yake a gona. Idan makiyayi ya sauka a gonar manomi bayan girbi, shanu suka ci kara suka bar taki, abin da takin ya mayar wa gero shi ne sinadarai irin su naitirojin da fosfaras. Makamashin da geron baɗi zai tara kuwa, sabo ne fil daga rana. A taƙaice, sinadari tsohon kuɗi ne da ke zagayawa hannu zuwa hannu a kasuwa ɗaya, makamashi kuwa kullum sai an kawo sabo.

Wannan bayani yana da amfani ga muhawarar noma da kiwo. Gaskiya ne cewa gona ɗaya ta fi ciyar da mutane da yawa idan suka ci hatsinta kai tsaye, a kan a ba dabba hatsin sa'an nan a ci namanta, saboda ushirin da ke tsakani. Amma saniyar makiyayi burgu da kara da harawa take ci, abubuwan da cikin ɗan Adam ba ya narkarwa. Ke nan ita wata ƙofa ce da take shigo wa mutum da makamashin da ba don ita ba da gara da wutar daji ne za su cinye shi.

7.0 Idan Aka Taɓa Dalar

7.1 Taɓa Gindi

Hasken rana ba ya ƙaranci a Nguru, ruwa ne yake ƙaranci. Ambaliya ita ce take ba tsirrai damar kama hasken, don haka faɗin ambaliya shi ne faɗin gindin dalar. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Waɗannan madatsu sun amfanar da noman rani a yankin Kadawa da Kura, sun kuma taimaka wajen shayar da birnin Kano. Sai dai su da farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 sun rage ambaliyar da ke isa dausayin. Filin da ruwa kan rufe, wanda a shekarun 1960 yakan kai murabba'in kilomita 2,000 ko fiye, ya koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Duk abin da aka rage a gindi, sai ya bayyana a sama: a komar masunci, a ƙwaryar nono, da kuma a yawan tsuntsayen da ke sauka.

Akwai kuma wata illa ta daban. Da can koguna sukan ƙafe da rani. Da aka fara sakin ruwa daga madatsu duk shekara, sai ciyawar kacala, wadda take son ruwa mara zurfi mai dawwama, ta sami wurin zama, ta mamaye ƙoramu da gonaki, ta toshe hanyoyin ruwa, har wasu wurare suka nutse wasu kuma suka bushe. Kacala tana kama hasken rana sosai, amma dabbobi ba su cika cin ta ba idan ta ƙosa, kuma tana hana masunci jefa koma. Mafi yawan makamashinta ga masu ruɓarwa yake tafiya. Bugu da ƙari, ta zama maɓoyar jan baki, masu afka wa shinkafa da gero. Darasin da ke nan shi ne, bayan yawan makamashin da wuri yake kamawa, dole a duba hanyar da yake bi da kuma bakin da yake ƙarewa.

7.2 Taɓa Sama

Guba akasin makamashi take yi, domin ita taruwa take yi yayin da ake hawa. Magungunan ƙwari irin su DDT ba sa narkewa a jiki, cikin kitse suke maƙalewa. Tun da kowane maci sai ya cinye ninkin nauyinsa sau da yawa daga matakin da ke ƙasa, gubar dubban ƙananan halittu takan taru a jikin babba guda. Rachel Carson ta jawo hankalin duniya ga haɗarin waɗannan magunguna a 1962, an kuma tabbatar daga baya cewa DDT yana sa ɓawon ƙwan tsuntsaye maciya nama ya yi laushi ya fashe, har Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972. Duk mai zuba maganin ƙwari a ruwa don kama kifi ya tuna cewa shi da iyalinsa ne a ƙolin wannan dala.

Ungulu ma abin misali ce. A Indiya, daga shekarun 1990, wasu jinsunan ungulu sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, kuma a 2004 aka gano cewa wani maganin dabbobi mai suna dikulofenak, da ke saura a mushen shanu, shi ne yake lalata musu ƙoda. An hana ba dabbobi shi a 2006. Makamashin mushen bai ɓace ba, karnukan da ba su da masu su ne suka gaje shi, suka yawaita, haɗarin ciwon haukan kare ya ƙaru. A nan Afirka ta Yamma, ungulun da aka saba gani a mahauta da kasuwanni ta shiga jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa tun 2015, saboda guba da kuma farautar sassan jikinta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa tsarin muhalli ya ƙunshi masu rai da marasa rai a haɗe, cewa makamashi yana shiga ta ganye ya fita a matsayin zafi, kuma wajen ushiri ne kawai yake tsallakawa daga mataki zuwa mataki, alhali sinadarai suna kewayawa. An kuma ga yadda sauya lokaci da yawan ruwan da ke isa dausayin Haɗejiya da Nguru ya sauya rabon manomi da masunci da makiyayi. Mai karatu zai lura cewa sunayen tsirrai da kifaye da tsuntsaye da ƙwarin da aka kawo duk Hausa tana da su tun fil azal. Inda aka bukaci ƙirƙira ko faɗaɗa ma'ana shi ne wajen kalmomin ra'i, kamar tsarin muhalli da gurbi da ragar abinci da ƙa'idar ushiri da dalar makamashi. Waɗannan shawarwari ne, kuma ana fata manazarta Hausa da na sauran harsunan Nijeriya za su auna su, su gwada su a aji, su gyara inda ya kamata.